Taswirar da ke raba rezo, da matsayin Tagriss a cikinta

 Yau zancenmu a kan rezo yake, na salula da na rediyo, da kuma tambayar da ake yawan yi a Soli da ƙauyukan kwamin ɗin Tagriss, har zuwa rugagen da ke arewa da su. Me ya sa mutum zai tsaya a kan tudu ya yi magana garau da ɗansa da ke Agadas ko Kano, ya gangara kwari tafiyar minti goma, wayar ta yi tsit? Amsar da aka saba bayarwa ita ce nisa, kuma nisa na da nasa rabon, babu musu. Amma kafin a kafa kowane ƙarfen rezo, sai an zauna gaban kwamfuta an buɗe taswira, an sa wata manhaja ta lissafa inda igiyar rediyo za ta kai da inda za ta tsaya, da yawan mutanen da za ta samu a can. Wannan lissafin shi ke yanke wa gari hukunci tun kafin motar ma'aikata ta tashi daga Yamai. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, lissafin nan yana da amfani ƙwarai, ba a iya aiki sai da shi, amma yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, da bayanan da aka zuba masa. Ƙasa irin tamu, ta tudu da kwari da makiyaya, ita ce aka fi zuba wa bayananta da giɓi, saboda haka muna da haƙƙin mu ga taswirar, mu kuma gyara ta.

Bari mu fara da abin da ake rabawa. Kowace tashar rediyo, kowace salula, kowane jirgin sama da ke magana da filin sauka, suna aika saƙonsu ne ta igiyar rediyo, kuma kowace igiya tana da zangonta. Dattawanmu sun san gajeren zango da matsakaicin zango tun zamanin da ake kewaye akwatin rediyo da yamma. Tashoshin FM suna zaune tsakanin megahaz 87.5 da 108. Salular da ta fara yaɗuwa a ƙasarmu tana aiki ne wajen megahaz 900, daga baya aka ƙara 1800, sannan 2100 don intanet. Idan masu watsawa biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, muryoyinsu za su cakuɗe, babu wanda za a ji. Mutumin Dakoro ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san abin da ke faruwa idan ba a shata gona da burtali ba. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa, a wannan yanki namu wajen kwarin Tarka, kuma a 1993 aka kafa dokar karkara da kwamitocin filaye da muke kira kofo, don a rubuta wane fili na wa, ina dabbobi za su bi, wace rijiya ta kowa ce. Zangunan rediyo ma fili ne na al'umma, ba ya ƙaruwa, kuma sai an rubuta shi a littafi.

Littafin yana da hawa biyu. Na sama yana birnin Janeba, a hannun ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU, wadda aka kafa a Faris a 1865 tun zamanin tangaraho. Ƙasashe suna taruwa duk bayan shekara uku ko huɗu su sake duba rabon zanguna, kamar yadda suka yi a Dubai a 2023. Na ƙasa kuma yana Yamai, a hannun hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 ta gaji ARTP. Ita ke kula da rabon zanguna ga kamfanonin sadarwa, ita ke da alhakin sa ido kada wani ya shiga na wani. Kada ku ɗauka iskar nan banza ce don ba a ganinta. A watan Janairun 2001 Najeriya ta yi gwanjon lasisin salula, kowane lasisi ya tashi dala miliyan 285. A nan Nijar, kamfanin Orange, wanda daga baya ya koma Zamani Telecom, ya biya miliyar 30 na sefa a 2007 kafin ya samu izinin aiki. Dukiyar da aka sayar da haƙƙin amfani da ita a wannan farashi ta 'yan ƙasa ce baki ɗaya, har da mai kiwon raƙuma a arewacin Tagriss wanda bai taɓa taka Yamai ba.

Yanzu sai mu dubi halin igiyar kanta, domin a nan ne za a gane dalilin da ya sa ake buƙatar kwamfuta. Igiyar FM da ta salula suna tafiya kusan a miƙe, ba sa bin lanƙwasar duniya sosai. Ƙarfe mai tsayin mita 50 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana hango wajen kilomita 29 kafin doron ƙasa ya tare shi, mai mita 25 kuma wajen kilomita 20. Kun ga ke nan ninka tsayi ba ya ninka nisa. Sannan zango mai ƙaramar lamba ya fi tafiya nesa, ya fi iya kewaya tudu da ratsa bango. Idan aka ninka lambar zango, daga 900 zuwa 1800, ƙarfin da ke isa ga ƙaramar eriyar waya a fili fetal yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: magana zuwa da dawowa ce. Ƙarfen yana da murya mai ƙarfi, amma wayar hannu ba ta wuce wat biyu a zangon 900. Shi ya sa kake ganin sandar rezo ɗaya ko biyu a fuskar waya, ka kira, kiran ya ƙi shiga. Wayarka tana jin ƙarfen, shi ne ba ya jin ta. Kuma tsarin salula da ake kira GSM, an gina shi ne da iyakar kilomita 35, bayan nan ko igiyar ta kai, lokacin zuwa da dawowar saƙo ya wuce ƙa'ida, sai an yi masa gyara na musamman. Shi kansa ƙarfen ba ya rayuwa shi kaɗai. Faifan nan masu kama da ganga da kuke gani a jikinsa suna kallon wani ƙarfen ne a nesa, wancan ma yana kallon wani, har sarƙar ta kai babban layi. Tudu ɗaya ya shiga tsakani, sarƙar ta tsinke.

Babu ɗan adam da zai lissafa duk wannan da alƙalami a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Shi ya sa injiniyoyi ke aiki da manhajoji irin su Atoll da HTZ na kamfanonin Faransa, ko na LS telcom na Jamus, akwai ma Radio Mobile da wani mai sha'awar rediyo a Kanada ya rubuta ya bar wa duniya kyauta. ITU ita ma ta samar da wata mai suna SMS4DC musamman don hukumomin ƙasashe masu tasowa, ta riƙe rajistar zanguna da lasisi, ta kuma yi lissafin ko sabuwar tasha za ta dami tsohuwa. Aikinsu iri ɗaya ne a tushe. Ana ba manhaja taswirar tudu da gangare, a ba ta taswirar abin da ke bisa ƙasa, gini ne ko itace ko rairayi, a ba ta taswirar inda mutane suke. Sai injiniya ya dasa ƙarfe na gwaji a kan allo, ya faɗi tsayinsa da zangonsa da ƙarfinsa, manhajar ta shafa launi: nan rezo mai kyau har cikin ɗaki, nan sai a waje, nan babu. Ya matsar da ƙarfen kilomita biyu, launin ya sauya, adadin mutanen da aka samu ya sauya. Zai iya gwada wuri ɗari a yini ɗaya ba tare da an haƙa rami ko ɗaya ba.

Ina so in tsaya a nan in ba wannan fasaha haƙƙinta, domin akwai masu ganin duk abin da kwamfuta ta yanke zalunci ne. Tsarin rabon zangunan FM na Afirka da Turai an yi shi ne a Janeba a 1984, lokacin da yawancin ƙasashenmu ba su da rediyo sai na gwamnati. Daga baya tashoshi masu zaman kansu suka fito, rediyon karkara ya fara a Bankilare a 1999 ya bazu cikin ƙasa, wuri ya fara ƙaranci musamman a kan iyakoki. Tsakanin 2020 da 2022 ƙungiyar sadarwa ta Afirka da ITU suka sa ƙasashe suka sake lissafi da manhaja, tasha da tasha, maƙwabci da maƙwabci, aka gano gurabe sababbi fiye da 18,000 a nahiyar, ba tare da an ƙara ko megahaz ɗaya ba. Filin nan dai shi ne, awon ne ya inganta. Haka kuma mutanen kudancin jaharmu, wajen Madarunfa da Ɗan Isa, sun san yadda waya kan kama rezon Najeriya mutum yana zaune a gidansa. Iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, igiyar rediyo kuwa ba ta tsayawa a shingen duwan. Idan hukumomin ƙasashen biyu za su daidaita wanda zai rage ƙarfi da wanda zai karkatar da eriya, sai da lissafin da duka biyun suka yarda da shi. Don haka ba na cikin masu cewa a ajiye kwamfuta. Cewa nake a duba abin da ake ciyar da ita.

Mu ɗauki abubuwan ɗaya bayan ɗaya, mu auna su da ƙasar Tagriss. Taswirar tudu da gangare da aka fi amfani da ita kyauta ta samo asali ne daga wani kumbon Amurka da ya kewaya duniya kwana 11 a watan Fabrairun 2000 yana auna doron ƙasa da na'ura. Mafi kyawunta, wadda ke ba da awo ɗaya a kowane mita 30, ba a sake ta ga Afirka ba sai a 2014. Aiki ne babba, amma tana iya kuskuren mita da dama a tsayi. A ƙasar duwatsu wannan kuskure ba ya sauya komai. A ƙasar tuddan rairayi, inda bambancin tudu da kwari bai taka kara ya karya ba, shi ne bambancin akwai rezo da babu. Kuma ku lura da inda mutanenmu ke zama. Rijiya a kwari take, domin nan ruwa ya fi kusa. Gari yakan bi rijiya, garke ma haka. Wato inda rayuwa ta taru, nan ne igiyar ke wucewa ta bisa kai. Sai kuma ƙa'idar lissafin kanta. Wadda ta fi shahara a aikin salula an gina ta ne a kan awon da wani injiniya mai suna Okumura ya yi a Tokyo da kewayenta, aka wallafa a 1968, wani mai suna Hata ya mayar da shi lissafi a 1980. Akwai wasu ƙa'idojin da suka fi ta lura da tudu, amma kowaccensu sai an daidaita ta da awo na zahiri a ƙasar da za a yi aiki. Ana ɗaukar mota da na'ura a bi hanya ana aunawa, a dawo a gyara lissafin. To, wace hanya motar ke bi? Mafi sauƙi ita ce kwalta, irin wadda ta tashi daga Maraɗi zuwa Dakoro, da titunan manyan garuruwa. Hanyar amalanke da ta raƙumi ba kasafai take shiga awon ba. Ga kuma iskar Sahel da nata hali. A wasu lokutan shekara, musamman da dare da sassafe, iska kan jeru hawa-hawa, mai sanyi a ƙasa mai zafi a sama, ta lanƙwasa igiya, sai ka ji tashar nesa ta shigo garau, ko kuma sarƙar faifan nan ta yi rauni. Wanda ya auna sau ɗaya da rana tsaka bai ga wannan ba.

Giɓin da ya fi damuna shi ne na taswirar mutane. Manhaja tana ƙirga mutane ne daga ƙidayar jama'a, irin ta 2012, da kuma hotunan tauraron ɗan adam da ke gano rufin gidaje. Duka biyun suna nuna inda mutum yake kwana a gini tsayayye. Ba sa nuna rijiyar da garke ɗari ke sha a cikin bazara, ba sa nuna kasuwar mako da ke cika rana ɗaya ta watse, ba sa nuna burtalin da Fulani da Buzaye ke bi zuwa arewa da damina, wasu har Ingal wajen gishiri, su gangaro bayan girbi. Bukkar makiyayi da tantinsa da ƙyar hoton sama ke rarrabe su da ƙasa, ko an gan su ma, bayan wata biyu sun tashi. Saboda haka a kan allo, fili mai cike da mutane da dukiya yana iya fitowa fari fat, babu kowa. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, an tambaye ta rufi nawa ne, ta faɗa. Amma wanda ya fi kowa buƙatar waya shi ne wanda ya yi nisa da likita, wanda ke son jin farashin rago kafin ya koro shi kwana biyu zuwa kasuwa, wanda gobarar daji za ta iya cinye masa ciyawar shekara kafin labari ya kai gari.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai, ko zargi ne marar hujja. A Amurka, hukumar sadarwarsu ta tura ma'aikatanta suka bi hanyoyi suna gwada taswirar da wasu kamfanoni uku suka miƙa mata. A rahoton da ta fitar a watan Disambar 2019, wuraren da taswira ta ce akwai intanet mai ƙarfin da aka ƙayyade, an same shi ne a kusan kashi 62 cikin 100 na gwaje-gwajen. A shekarar da ta biyo baya majalisarsu ta yi doka, aka sake taswirar, aka kuma buɗe ƙofa ga ƙananan hukumomi da talakawa su ƙalubalance ta da awonsu. Idan haka ta faru a inda ake da kuɗi da injiniyoyi da taswira mai kyau, babu dalilin da zai sa mu ɗauki launin da ke kan allo a matsayin magana ta ƙarshe game da kwarin Tarka.

Na san abin da mai hankali zai ce a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, malam, matsalar ba taswira ba ce, kuɗi ne. Kamfani ɗan kasuwa ne. Ƙarfe a daji yana son faranti masu kama hasken rana ko gazuwal, da batura, da mai gadi, da hanyar kai gyara, mutanen wurin kuwa kiredin da suke sa wa waya kaɗan ne. Ko ka zana masa kowace rijiya, ba zai je inda zai faɗi ba. Gaskiya ne, kuma ba na neman kamfani ya zama gidan sadaka. Amma wannan hujja ta manta cewa kamfani ba shi ya mallaki zangon ba, aro aka ba shi da sharaɗi, kuma sharaɗin hukuma ke rubuta shi. Zangunan 700 da 800, waɗanda suka samu bayan an yanke shawarar mayar da talabijin tsarin zamani a yarjejeniyar Janeba ta 2006, su ne mafi dacewa da karkara, domin suna tafiya nesa, kuma idan nisan da ƙarfe ke kaiwa ya ninka, filin da ya rufe yana ninkawa sau huɗu. Da Jamus ta sayar da zangon 800 a 2010, ta ɗora sharaɗi cewa sai kamfani ya fara da ƙananan garuruwa masu mutane ƙasa da 5,000 waɗanda ba su da intanet, kafin ya yi amfani da shi a manyan birane. Faransa kuma a watan Janairun 2018 ta ƙulla yarjejeniyar sabunta wa kamfanoninta lasisi ba tare da gwanjo ba, a madadin haka kowane kamfani ya ɗauki nauyin rufe wurare 5,000, kuma hukumomin yankuna da zaɓaɓɓun wakilai ne ke nuna wuraren. Mu ma dokarmu ta tanadi asusu da kamfanoni ke zuba wani kaso na cinikinsu don kai sadarwa inda kasuwa ba ta kaiwa, kuma a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin ƙauyuka na zamani da hukumar ANSI ta jagoranta. To, kuɗi irin wannan da me ake raba shi? Da taswirar nan dai. Ita ke cewa wane ƙauye ne ba shi da rezo, mutum nawa ne a ciki, nawa ne giɓin da za a cike. Ƙauyen da aka shafa wa launin akwai rezo bisa kuskure ya fita daga jerin masu jiran tallafi, kuma kamfani ba zai dawo masa ba tunda a takarda an gama da shi. Ashe ƙarancin kuɗi ƙara wa taswira nauyi yake yi.

Wani kuma zai ce duk wannan zance ya kusa tsufa, tunda Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, intanet na saukowa daga sama ba ruwansa da tudu. Lalle wannan ci gaba ne, kuma zai iya warware matsalar sarƙar faifai, ƙarfen da ke daji ya haɗu da duniya ta tauraro kai tsaye. Amma na'urar tana da tsada, tana son lantarki da kuɗin wata, kuma ƙaramar wayar da ke aljihun manomi ba ta magana da ita sai ta hanyar wata eriya a ƙasa. Dole wani ya yanke inda za a sa wannan eriyar, kuma shi ma tauraron zango yake amfani da shi, da izinin hukuma.

Hujja ta uku ita ce ta sirri. Kamfani zai ce taswirarsa sirrin kasuwanci ce, wani jami'i kuma ya ce a halin tsaron da ake ciki ba a baza wuraren da kayan sadarwa suke. Maganar tsaro ba abin wasa ba ce, na yarda. Sai dai abin da ake nema a bayyana shi ne launin da ke nuna inda aka ce akwai rezo, ba zanen cikin tashar ba, ƙarfe mai tsayin mita 50 kuwa ba ya ɓuya ga kowa. Hukumar Faransa ta buɗe irin wannan taswira ga jama'a tun 2017, kasuwancin kamfanoninta bai rushe ba. Ita ma ARCEP tamu ta nuna tana iya riƙe sanda, domin a 2023 ta ci tarar kamfanonin salula huɗu fiye da miliyar 4 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Amma awon inganci yana duba wurin da rezo yake ne ya ga ko yana da kyau. Wanda ba shi da rezo gaba ɗaya ba ya cikin wannan awo, ba shi ma da layin da zai kira ya kai kuka.

A nan zan ɗan ratse in ja kunnenmu mu ma. Saboda ƙosawa, wasu kan sayo na'urar ƙara ƙarfin rezo a kasuwa su ɗaura a kan gini, wasu kuma su kunna ƙaramar tashar FM ba izini. Na fahimci dalili. Amma na'ura marar inganci tana maida hayaniya zuwa ga ƙarfen, ta toshe masa kunne ga wayoyin da ke nesa, wato mutum ɗaya ya samu, ƙauyen da ke bayansa ya rasa. Zangon da ke bisa 108 kuma na jiragen sama ne, tashar da ba a saita ta daidai ba tana iya malala can. Idan al'umma na son tasha tata, akwai hanyar doka. A Meziko, ƙauyukan jihar Wahaka da kamfanoni suka ƙi zuwa sun kafa rezon salula nasu tun 2013, hukumar ƙasar ta ware musu wani yanki na zango, ta ba su lasisi a 2016. Zangon da aka ba kamfani bai yi amfani da shi a wani yanki ba shekara da shekaru, ya dace doka ta ba da damar wani ya yi aiki da shi a wurin, kuma rajistar da ke cikin kwamfutar hukuma ita ce za ta nuna inda irin wannan yake.

Saura tambayar ko mutanen karkara za su iya shiga aikin da ya yi kama da na injiniyoyi. Ba a ce su yi lissafin igiya ba. Abin da manhajar ta rasa shi ne abin da su kaɗai suka sani. Kofo na kwamin da na ƙauyuka sun riga sun saba zagaya burtali da rijiyoyi suna rubutawa, ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN sun san hanyoyin garke da lokutansu, malaman lakwal da ma'aikatan gidajen likita suna warwatse a ƙauyuka, kuma kowace babbar waya tana iya faɗin lambobin wurin da mutum yake tsaye ko da babu rezo, domin daga tauraro take karɓarsu. Abin da ake buƙata takarda ce mai sauƙi a ofishin kwamin. A rubuta sunan wuri da lambobinsa, ƙauye ne ko ruga ko rijiya ko kasuwa, mutum nawa ke taruwa a can kuma a wane wata, wane kamfani ke kamawa, a cikin ɗaki ko a waje ko sai an hau tudu, kira na shiga ko sanda kawai ake gani. A gwada da rani, a sake gwadawa da damina, da safe da kuma dare. Sarakunan gargajiya da shugabannin rugage su sa hannu, kwamin ta aika wa ARCEP da kamfanoni ta hannun hukumomin Dakoro da Maraɗi, ta ajiye kwafi, ta kuma nemi a ba ta taswirar yankinta a rubuce don a jera biyun a gani. Lasisin kamfanoni yana da wa'adi, kuma ranar da ake sabunta shi ko ake raba sabon zango ita ce ranar da ake rubuta sunayen wuraren da dole a kai wa rezo. Ya kamata takardar Tagriss ta riga wannan rana isa Yamai.